Giram Goma Sha Biyu

Shekara goma sha bakwai ina duba sabulu
a masana'antar Alhaji Gariba, can cikin Asawase.
Ni ne mai jan biro, ni ne mai cewa a sake.
In man kaɗe ya sauka daga Tamale,
kafin a warware takarda na riga na kai hanci,
na san wanda ya kwana a rana,
na san wanda aka yi wa surki.

Wata Litinin Alhaji ya kira ni ofis.
Fanka na juyi, shi yana juya zobe.
"Issaka, masu sayen nan na ƙetare
sun ce idon waje suke so.
Za a ɗauko mai bincike daga Akra."
Na ce to.
To ɗin ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ran Laraba ta iso, Madam Oforiwaa,
da ƙurar hanya a takalmi
da 'yan duwatsun awo na tagulla a ƙunshe cikin ƙyalle.
Mun miƙa koko da ƙosai, ta ce ta gode.
Ba ta san ɗan wa aka yi wa suna jiya ba,
ba ta san wa ke bin wa bashi ba,
kowa a wurinta lamba ne a jikin riga.

Ta ɗora dutse a kan sikelin Azumi.
Allura ta yi rawa, ta tsaya inda bai kamata ba.
Giram goma sha biyu
ke ɓacewa daga kowace sandar sabulu.
Tun yaushe? Allah masani.

Azumi ce fa.
Ita ta kwana uku a asibiti da mahaifiyata.
Ita ke zuwa mini da shinkafa da wake a ganye.
Kullum safiya nakan tsaya a gaban sikelin nan,
ina kwana, ya yara, ya ƙafar tsohuwa,
fuskarta nake dubawa.
Allurar kuwa, mun saba,
kamar yadda mutum ke saba wa tsagar bangon ɗakinsa.
Ba sata ta yi ba. Ƙarfe ne ya gaji,
ni kuma kunya ta rufe mini ido ɗaya.

Da la'asar muka shiga sito.
Duro na shida, takardarsa fes, hatimi a daidai.
Madam ta duba, ta sa alamar an wuce.
Ni tun daga bakin ƙofa na jiyo shi,
ɗan tsamin nan da ke ɓuya a bayan ƙamshi.
Ba zan ɓoye ba:
numfashi uku na yi shiru,
ina ɗanɗana yadda faɗuwarta za ta yi daɗi.
Sannan na ce, "Madam, a buɗe na shida."

Ta sunkuya, ta shinshina, ba ta ji komai ba.
"A ina aka rubuta?"
Na nuna hancina.
Takardarta ba ta da layin hanci,
sai ta rubuta a gefe, da ƙananan baƙaƙe.

Juma'a ta kama motar Akra,
ta bar mana shafi tara da lissafi
wanda ya haɗiye albashina na wata huɗu.
Alhaji ya ce, "To, mu miƙa musu aikin ɗungurungum?"
Har yau ban ba shi amsa ba,
ruwa ya tsuge a kan kwano, na ce ban ji ba.

Amma na je Kejetiya na sayi dutsena,
yana nan a aljihu, yana jan rigata gefe guda.
Yanzu shi nake fara ɗorawa
kafin in ce ina kwana.

Azumi na amsawa.
Ganyen ne dai bai sake zuwa ba.